An Yi wa Kwamfuta Fomat, Word Ya Ƙi Rubutu: Ina Lasisin Ya Shiga?

Duk mai shagon buga takardu a Talata Mafara ya san wannan jan layin. Kwamfuta ta fara nauyi, an kai ta wurin gyara, mai gyara ya duba ya ce ba ta da magani sai fomat. Ya goge komai, ya ɗora Windows sabo fil, ya mayar da hotuna da takardun da ya kwashe a filash. Ta dawo tana aiki garau, kowa ya ji daɗi. Bayan 'yan kwanaki sai a buɗe Word a tarar da layi ja ko rawaya a sama, yana cewa manhajar nan ba ta da lasisi. Takarda tana buɗuwa, ana karantawa, ana ma iya tura ta firinta, amma ko waƙafi ba a iya ƙarawa. In abin ya faɗo a lokacin da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau ke rububin buga furojet, to cinikin ranar ya tafi shagon maƙwabci.

Daga nan sai a koma wurin mai gyara da magana guda: "Injiniya, ai da Word ɗina ka karɓe ta, ina ka kai shi?" Shi kuma injiniya sai ya rantse cewa ya saka. Duka biyun gaskiya suka faɗa. Manhajar dai an saka ta, ga ta nan a kan allo. Abin da fomat ya tafi da shi shi ne shaidar cewa mai kwamfutar yana da iznin amfani da ita, kuma wannan shaidar ba fayil ba ce da za a kwafa a filash tare da hotunan biki. Tana zaune ne a ɗaya daga cikin wurare uku: ko a wata lamba mai haruffa 25 da aka rubuta a kati, ko a cikin asusun imel na wani mutum a rumbun kamfanin Microsoft, ko kuma a hannun wata ma'aikata da ta sayi lasisi a dunƙule. Akwai wuri na huɗu da ba a cika son faɗa ba, wato babu ita sam tun farko.

Fomat ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Yawancin laftof ɗin da ke hannun ɗalibai da malamai da ma'aikata na hannu ne, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka suka biyo ta Legas da Kano kafin su iso Gusau ko Sakkwato. Wuta tana ɗaukewa ana tsakiyar aiki, batir ya mutu tuntuni, Windows ya lalace. Filash ɗaya yana zagaya shaguna biyar a yini, ya kwaso bairos ɗin nan mai mayar da fayiloli gajerun alamomi marasa buɗuwa. Sai kuma wani sabon dalili da ya ƙaru: ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, abin da ya sa mutane da dama suke neman a ɗora musu Windows 11, ko da injin bai cika sharuɗɗansa ba.

Ruɗanin farko da ya kamata a warware shi ne tsakanin Windows da Office, don mutane da yawa suna ɗaukarsu abu guda. Windows shi ne tushen da kwamfuta ke tashi da shi. Office kuwa tarin manhajojin aiki ne, su Word da Excel da PowerPoint da Outlook, kuma kuɗinsa daban, lasisinsa daban. Lasisin Windows ba ya cika ba da wahala bayan fomat. Tun zamanin Windows 8, kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo suna dasa lambar a cikin babban allon injin da kansa, shi ya sa aka daina ganin takardar nan mai lamba da ake liƙawa a ƙasan laftof. Daga Windows 10, wanda ya fito a Yulin 2015, Microsoft yana kuma riƙe da bayanin injin a rumbunsa. Da an sake ɗora irin wanda yake kai a da, aka haɗa da intanet, sai lasisin ya dawo da kansa. Inda ake samun tangarɗa shi ne in injin da lasisin Home ya zo, mai gyara kuma ya ɗora Pro don shi ne a filash ɗinsa. Nan sai rubutun neman lasisi ya bayyana a kusurwar allo, alhali mai injin yana da halastaccen lasisi kwance a ciki ba a amfani da shi.

Office bai da wannan sauƙin, domin ba iri ɗaya ba ne.

Akwai tsohon yayi, Office 2007 da 2010, wanda ya zo a faifai cikin kwali tare da lambarsa. Wannan lissafinsa a fili yake: in faifan da lambar suna nan, a sake sakawa, in lambar ta ɓata, lasisin ya bi ta. A waɗannan tsofaffin ana iya zaƙulo lambar daga cikin kwamfuta da wasu ƙananan manhajoji, amma sai kafin a goge. Bayan an goge babu abin zaƙulowa.

Daga Office 2013 lamarin ya sauya. Wanda ya sayi Office na biya sau ɗaya, ko 2016 ne ko 2019 ko 2021 ko 2024, ana ba shi lamba mai haruffa 25, amma aikin lambar kusan na rana ɗaya ne. Yana shigar da ita a shafin Microsoft, sai ta ɗaure da asusun da ya shiga da shi, kuma daga ranar asusun ne ke riƙe da lasisin. Bayan fomat ba lambar ake nema ba. Mutum zai shiga asusun nan da imel da kalmar sirri, ya je sashen da ke nuna abubuwan da ya saya, ya sauko da Office ɗinsa daga can, ya buɗe Word ya sake shiga da asusun. In injin bai canza ba, galibi nan take abin ke kammala. Kwamfutar ma ba ta ajiye cikakkiyar lambar. Akwai wani ɗan umarni mai suna ospp.vbs da masu gyara ke amfani da shi, amma haruffa biyar na ƙarshe kaɗai yake nunawa. Saboda haka mai gyaran da ya yi alkawarin zai ciro lambar Office 2019 daga cikin injin kafin fomat, ko dai bai sani ba, ko kuma wani abu daban yake shirin sakawa.

Shi wannan lasisi na injin guda ne a lokaci guda, amma ana iya ƙaura da shi. Wannan dama ma sai da aka yi hayaniya aka same ta. Lokacin da Office 2013 ya fito, sharaɗin da Microsoft ya rubuta ya ɗaure lasisin da injin farko har abada, wato in laftof ta mutu, kuɗin ya mutu. Masu saye suka yi ca, kamfanin ya janye a watan Maris na 2013, ya yarda a mayar da lasisi kan wani injin sau ɗaya cikin kwana 90, ko kafin haka in injin ya lalace, bisa sharaɗin a cire shi daga tsohon. Malamin da ya sayi sabuwar laftof ya bar wa ƙaninsa tsohuwar yana da damar ɗauke Office ɗinsa, sai dai ba zai bar shi a duka biyun ba.

Iri na uku shi ne na haya, wanda a da ake kira Office 365, aka sauya wa na gida suna zuwa Microsoft 365 a Afrilun 2020. Ana biya duk wata ko duk shekara. A nan babu wata lamba da za a adana, asusu ne kawai. Na mutum ɗaya yana aiki a na'urori biyar a lokaci guda, na iyali kuma mutum shida ne ke raba shi, kowa da asusunsa. Ta fuskar fomat wannan ya fi kowanne sauƙi: a goge sau goma, a shiga asusu sau goma, ba abin da zai taɓu. Makarantu da ma'aikatu ma suna raba irinsa ta hanyar imel ɗin aiki. Sai dai wanda ya samu ta nan ya san cewa aro ne. Ranar da ɗalibi ya kammala ko ma'aikaci ya bar aiki aka rufe imel ɗin, Word zai koma na karatu kawai, ko da laftof ɗin tasa ce ta kansa.

Iri na huɗu shi ne lasisin dunƙule na manyan ma'aikatu, kuma a nan ne yawancin labarin yankin nan yake ɓoye. Kamfani mai kwamfuta ɗaruruwa ba ya bin kowace da kati. Ko dai a ba shi lamba ɗaya mai adadin amfani ƙayyadadde, wadda ake kira MAK, ko kuma ya kafa wata na'ura a cikin gidansa mai suna KMS wadda ke sabunta wa sauran izni. Iznin KMS kwana 180 yake yi, kuma kowace kwamfuta tana neman sabuntawa duk mako in tana kan layin ma'aikatar. Laftof ɗin da ta bar wani ofis a Ingila ta iso kasuwa da irin wannan Office a kai, za ta yi aiki lafiya har wa'adin ya cika, sannan ta fara neman na'urar da ba za ta sake gani ba. Masu kirak, wato masu fasa manhaja don ta yi aiki ba lasisi, wannan ƙofar suka bi. Manhajoji irin su KMSpico suna dasa KMS na bogi a cikin laftof ɗin kanta, ya riƙa sabunta wa kansa izni a ɓoye. Shi ya sa mutum zai yi shekara uku yana aiki ba tare da ya taɓa ganin jan layi ba, ya ɗauka da lasisi ya sayi injinsa. Fomat ya share na bogin, gaskiya ta fito.

Akwai alama mai sauƙi. A buɗe Word, a shiga File, a danna Account. In aka ga imel ɗin mai injin tare da sunan abin da ya saya, to akwai abin da za a dawo da shi. In kuwa aka ga Professional Plus a laftof ɗin mutum mai zaman kansa, babu imel, babu wata ma'aikata da ta ba shi, to kusan tabbas babu lasisin da za a ƙaura da shi, domin wannan nau'in na ma'aikatu da kamfanoni ne, ba a jera shi a kanti don ɗaiɗaikun mutane. Minti ɗaya wannan dubawar take ci, kuma kafin fomat take da amfani.

To, a ce lasisin na gaske ne. Sauran tambaya ita ce: da sunan wa? Nan ne ko waɗanda suka biya kuɗinsu cif suke yin asara. Alhaji ya sayi laftof sabuwa tare da katin Office, ya miƙa wa yaron shago ya ce, "Haɗa mani komai." Yaro ya ga ana neman imel, Alhaji kuma ba ya tuna nasa, sai ya saka imel ɗin kansa don aiki ya yi sauri. Ba da mugun nufi ya yi ba, amma daga wannan minti lasisin nasa ne a wurin Microsoft. Abin ya yi kama da sayen babur a bar takardunsa da sunan dillali: ana hawa lafiya har ranar da aka nemi takarda. Bayan shekara biyu an yi fomat, yaron ya koma Abuja ko ya canza lamba, katin da ke aljihun Alhaji kuma in an shigar da shi sai shafin ya ce an riga an yi amfani da wannan lamba. Microsoft ba ya ɗauke lasisin biya sau ɗaya daga wani asusu ya mayar wani don kawai an nuna kati.

Windows 11 ya ƙara wa wannan matsala nauyi, domin yana neman intanet da asusun Microsoft tun wurin ɗorawa. A sababbin fitowarsa kuma yakan kulle rumbun ajiyar injin da BitLocker, ya ajiye mabuɗin buɗewa mai lambobi 48 a asusun da aka shiga da shi. In asusun na mai gyara ne, to ba Word kaɗai ke hannunsa ba, har da hanyar kaiwa ga takardun mutum in wata rana injin ya nemi mabuɗin.

A ofisoshi abin ya fi muni, kuma laifin ba na masu gyara ba ne. Sakatariyar ƙaramar hukuma, makarantar sakandare, asibiti, ƙungiyar manoman da ke shan ruwan madatsar Bakalori tsakanin Maradun da Talata Mafara da Bakura, duk wuraren da ake riƙe jerin sunaye da lissafi a Excel ne. In aka sayi kwamfuta ta hanyar kwangila ko wata ƙungiyar agaji ta kawo gudummawa, akan rubuta lambar injin da firinta da janareto a littafin kaya. Lasisi kuwa ba shi da jiki, ba mai rubuta shi. Jami'in da ya karɓi kayan ya yi rajista da imel ɗinsa, aka yi masa sauyin wurin aiki, ya miƙa makullin ofis da fayiloli ya tafi da lasisin bai ma sani ba. Maganin wannan bai kai kuɗin rim ɗin takarda ba: imel guda na ofis, wanda aƙalla mutum biyu suka san kalmar sirrinsa, da shafi ɗaya a takardar miƙa aiki da ke faɗin wane lasisi ne a kan wane inji. Rashin yin haka sakaci ne kawai, kuma da kuɗin jama'a ake sake sayen abin da aka riga aka saya.

Ko da imel ɗin na mai injin ne, akwai sauran rina a kaba. Mutane da yawa sun buɗe asusu sau ɗaya, ba su sake waiwayarsa ba, kalmar sirri ta tafi. Hanyar dawo da ita lambar waya ce da aka bayar ranar rajista, ita kuma lambar waya a Zamfara ba abin dogaro ba ce kamar yadda masu tsara manhaja a Amurka suke zato. Waya tana ɓata, ana ƙwace ta a hanya, ana barin ta a gida ranar gudun hijira. Tun Disambar 2020 da gwamnati ta wajabta haɗa layi da lambar NIN, an toshe layuka masu yawa a faɗin Nijeriya, kuma layin da ya daɗe a rufe kamfani yakan sake sayar da shi ga wani. Wanda ya rasa duk hanyoyin tabbatarwa ya nemi sauya su, Microsoft yana sa shi jiran kwana 30. Asusun da aka yi shekara biyu ba a shiga ba kuma kamfanin yana da ikon rufe shi. Duk wanda ke da lasisi a asusu, gara ya ƙara imel na biyu a matsayin hanyar tabbatarwa tun layinsa yana hannunsa.

Sai maganar sabis, wadda mutanen yankin nan suka ɗanɗana fiye da kowa. Microsoft 365 yana buƙatar ya leƙa intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30 don ya tabbatar haya tana nan. In bai samu ba, sai ya koma na karatu kawai har a haɗa shi. A farkon Satumbar 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a duk jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, don yaƙi da 'yan bindiga. An ce mako biyu ne. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai ƙarshen Nuwamba aka sanar da ɗage takunkumin. Kusan wata uku ke nan, wa'adin kwana 30 ya cika ya sake cika. Bisa ƙa'idar manhajar, wanda ya biya hayarsa ta shekara cif, in layin waya kaɗai yake dogara da shi, Word ɗinsa ya kulle tun a wata na biyu. Wanda aka yi wa fomat a tsakanin kuwa ba shi da hanyar sauko da Office ko tabbatar da shi, sai ya ɗauki injin ya fita inda sabis yake. Mai Office na biya sau ɗaya da aka riga aka tabbatar, shi ya ci gaba da aikinsa. Abin takaicin shi ne mai kirak ma haka.

Wannan ya isa ya sa mai saye a Bakura ko Maradun ya yi tunani sau biyu kafin ya bi shawarar da ake ba mutanen Legas. Haya ta fi sauƙin dawowa bayan fomat, amma tana zaton sabis kullum da katin banki mai biya a waje. Shi kansa katin ya daɗe yana ba da ciwon kai: a 2022 bankuna da dama sun rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka dakatar gaba ɗaya, sai a 2025 wasunsu suka sake buɗewa.

Kuɗin ma ba wasa ba ne. Lokacin da Office Home 2024 ya fito, dala 149.99 ne a farashin Amurka, Home & Business kuma dala 249.99. A 2024 dala ta haura naira 1,500, mafi ƙarancin albashi na ƙasa kuma naira 70,000 ne tun Yulin shekarar. Wato mafi arahar biyun ya fi albashin wata uku na ƙaramin ma'aikaci, sau da yawa ma ya fi kuɗin laftof ɗin da za a ɗora shi a kai. Kuma na gidan ba a yarda a yi kasuwanci da shi ba, don haka mai shagon buga takardu na biyun ne nasa. Da wannan lissafi ba abin mamaki ba ne da ƙungiyar kamfanonin manhaja ta BSA ta ƙiyasta a rahotonta na 2018 cewa kashi 80 cikin 100 na manhajojin da ke kan kwamfutoci a Nijeriya ba su da lasisi, alhali matsakaicin duniya kashi 37 ne. Wa'azi a kan wannan ba zai sauya farashi ba. Amma doka tana nan: Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, tana kare manhajar kwamfuta kamar yadda take kare littafi.

Haɗarin da ya fi kusa da mai kirak ba kotu ba ce. Don a saka irin waɗannan manhajoji sai an kashe mai gadin kwamfutar, wato Windows Defender, domin yana kama su. A Disambar 2021 kamfanin tsaron intanet na Red Canary ya bayyana cewa ana raba jabun KMSpico ɗauke da wata manhajar sata mai suna CryptBot, wadda ke kwashe kalmomin sirri da aka ajiye a burauza da bayanan asusun kuɗin kirifto. Kwamfutar shago da ake cike fom ɗin makaranta da biyan kuɗin rajista a kanta, bayanan mutane ɗaruruwa ne ke ratsa ta.

Tsakanin kirak da lasisin gaske akwai wata kasuwa mai duhu-duhu, ta lambobin da ake tallatawa a WhatsApp da shafukan saye da sayarwa a kan 'yan dubban naira, ana cewa na har abada ne. Masu sayarwa sukan fake da hukuncin kotun Tarayyar Turai na Yulin 2012 a shari'ar UsedSoft da Oracle, wanda ya halasta sake sayar da lasisin da aka yi amfani da shi a can. Hukuncin gaskiya ne, amma yana da sharuɗɗa, kuma da yawa daga cikin lambobin nan na MAK ne da aka tsinto daga wata ma'aikata ake sayar wa mutane barkatai, ko kuma asusun wata makaranta ne da aka ba mai saye imel da kalmar sirrinsa. Ranar farko suna aiki. Bayan fomat ne asirinsu ke tonuwa, lokacin da adadin lambar ya ƙare ko aka toshe ta, mai sayarwa kuma ya daina ɗaga waya.

Ban da lasisi, akwai ƙananan abubuwa da fomat ke haɗiyewa waɗanda ba a tunawa sai an nema. Mai amfani da Outlook na iya samun wasiƙunsa na shekaru a cikin fayil guda mai ƙarewa da .pst, wanda in ba a kwafe shi ba ya tafi. Sai kuma abin da ya shafi masu rubutun Hausa kai tsaye. Kafin haruffa masu lanƙwasa su samu gurbi a kowace kwamfuta, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro salon haruffa na musamman, su Rabi'at da Abdalla, kuma an buga littattafai da kundaye masu yawa da su. Takardar da aka rubuta da irin waɗannan, in aka buɗe ta a injin da aka goge ba a mayar masa da salon ba, duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take sai wata alama ta daban ta fito. Takardar ba ta lalace ba, salon haruffan ne babu. A kwafe shi kafin fomat, a kuma tuna a sake kunna allon rubutu na Hausa da Windows yake zuwa da shi. Shi kansa sauko da Office yana cin data mai yawa, don haka mai gyaran kirki yakan ajiye kwafin asali a filash, ya bar intanet don tabbatarwa kawai. Kwafin asali daga Microsoft ba laifi ba ne a ajiye; lasisin ne ke bambanta halas da akasinsa.

Wanda ya duba ya tarar ba shi da lasisi, ba dole ne ya koma kirak ba. LibreOffice kyauta ne baki ɗaya, gidauniyar The Document Foundation ke kula da shi tun 2010, ba ya neman lamba ko asusu ko sabis, kuma yana buɗe fayilolin Word da Excel yana ajiye su a tsarinsu. Ba na wasa ba ne: a Afrilun 2024 jihar Schleswig-Holstein ta ƙasar Jamus ta sanar da mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kansa. WPS Office na kamfanin Kingsoft na ƙasar Sin, wanda mutane da yawa suka saba da shi a waya, yana da na kwamfuta kyauta mai talla. Word da Excel ma suna da na burauza kyauta ga mai asusu, sai dai su kam sai da sabis. Gaskiyar da masu tallata waɗannan ba sa faɗa ita ce, furojet mai tebura da yawa da lambobin shafi iri biyu yakan ɗan goce in aka buɗe shi a wata manhajar, shi ya sa mai shagon da ke karɓar aiki daga hannu daban-daban zai fi son Word na ainihi ko da a inji ɗaya ne. Amma ofishin da aikinsa wasiƙa ne da jerin sunaye da lissafin wata, LibreOffice ya ishe shi, kuma a goge injin sau nawa aka ga dama, sakawa kawai za a sake yi.

Saura masu tsofaffin lasisi na gaske, waɗanda ke jin ana cewa an daina tallafa wa nasu. Office 2010 ya fita daga tallafi a Oktobar 2020, na 2013 a Afrilun 2023, na 2016 da 2019 ranar 14 ga Oktoba 2025 tare da Windows 10, wa'adin na 2021 kuma 13 ga Oktoba 2026 ne. Ƙarewar tallafi ba ta kashe lasisi. Manhajar za ta ci gaba da aiki, gyaran ɓarakar tsaro ne kawai ba za ta ƙara samu ba. Inda abin ke shafar fomat shi ne wurin sauko da ita, domin Microsoft ya riga ya cire Office 2010 daga shafinsa. Makarantar da ke da kwalinsa a durowar shugaban makaranta, faifan nan da lambar da ke jikinsa su ne kaɗai hanyarta ta dawo da shi, kuma yawancin laftof na yanzu ba su da wurin saka faifai, don haka sai an nemi tsohon inji an kwafe shi zuwa filash tun faifan bai karce ba.